Shafin Godiya

Miƙo mini takardar nan, Hajara. A'a, ba ta saman ba, wadda kika ce za ku raba wa mutane su cike. Bari in sa tabarau.

To, ga shi nan tun daga layin farko. Suna, unguwa, lambar waya. Kai jama'a! Wato za ki shiga ƙauye ki tambayi mutum wa ke kai wa 'yan bindiga abinci a daji, sannan ki ce ya rubuta miki sunansa da lambarsa a sama. Kai kuma Nasiru sai murmushi kake, wai wata uku sun ishe ku ku gama yawon tambayoyi ku dawo ku zauna gaban kwamfuta. An ce muku akwai wani tsohon ɗan sanda a Kusfa da ya yi digiri na biyu a kan nazarin laifuka da tsaron cikin gida, irin wanda kuke yi, shi ne kuka zo zaurena in ba ku dabara. Zan ba ku. Amma sai kun fara jin labarin mutumin da ya rasa ransa saboda kundina, domin duk wanda zai amsa muku tambayoyin nan ransa yake danƙa muku, ku kuwa maki kuke nema.

Zan kira shi Malam Haruna. Ba sunansa ba ne. Na taɓa rubuta sunansa na gaskiya sau ɗaya, ya ishe ni.

Aikin farko da na riƙe wa biro, kan keken ɗinki aka sace wa wani tela a nan cikin birni. Lokacin ban daɗe da fitowa daga horo ba, aka tura ni sashen bincike ƙarƙashin Sufeto Garba, Allah ya jiƙansa. Gajeren mutum ne mai cin goro, in ka gan shi cikin tsohon kaftaninsa sai ka ce dillalin awaki ne. Aka ce wata tsohuwa mai ƙosai da ke zama daura da shagon ta ga wanda ya fita da kan keken. Na saka kakina da na sha wa guga, na ɗaure takalmi, na je na tsaya ƙiƙam a kanta, na buɗe littafi na ce, "Iya, me kika gani?" Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ni ɗan nan, idanuna sun daɗe da mutuwa." Matar da na tarar tana tsince tsakuwa a cikin wake ba ko tabarau!

Na koma na gaya wa Sufeto tsohuwa ta ƙi ba da haɗin kai. Bai yi faɗa ba, da ma ba ya yi. Cewa ya yi, "Ka tsaya a kanta da kaki da biro, layin duka yana kallo. Kai in an tashi aiki, bariki za ka koma. Ita da ɓarawon a rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa."

Bayan kwana biyu ya ce in cire kaki in biyo shi. Muka shiga layin a ƙafa. Gidan farko muka gaida wani mara lafiya da ko saninsa ba mu yi ba. Gida na biyu ya tambaya ko akwai ɗakin haya. Na uku shi ne na tsohuwar. A kowane gida mun zauna lokaci daidai da na ɗan'uwansa, yana duba agogo a fakaice. A wurinta ya zauna a ƙasa, ya ɓare goro ya ba ta rabi, ya kama zancen ciwon gwiwa da tsadar man gyaɗa, har na fara jin haushi. Sai ga shi da bakinta ta kawo zancen, ta faɗi wanda ya ɗauka da launin buhun da ya sa shi. Sufeto bai rubuta ko harafi ba sai da muka fita ƙofar gari. A nan ya ce mini, "In za ka wurin mai shaida, shiga gida uku. Ko an gane an yi magana, kada a gane wane baki ne ya yi."

Gida uku. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kayan aikin ba su da yawa. Littafin aljihu wanda ba ya fitowa a gaban mutane, biro biyu don ɗaya na iya ƙafewa, goro, da silifas saboda yawan cirewa a ƙofar gida. Babur ana ajiye shi nesa, bakin masallaci ko wurin mai shayi, ba a taɓa jingina shi a katangar wanda aka zo gani. Daga baya aka kawo rikoda, ni ban taɓa sonta ba. Mutum yana ganinta muryarsa take canjawa, ya koma yin wa'azi. Babban kayan aikin shi ne haƙurin zama. Kai Nasiru, tun da ka shigo sau huɗu ka duba wayarka, ina lissafe. A ƙauye in ka yi haka, an gama da kai, za a ba ka ruwa a raka ka da addu'a.

Mutanen da muke hulɗa da su kashi uku ne. Mai ƙara yana son kayansa, zai faɗi gaskiya ya ƙara mata gishiri. Wanda ake zargi yana son ya kwana gida, zai faɗi duk abin da zai kai shi can. Waɗannan biyun kowa ya san abin da ya kawo su. Na ukun ne abin tausayi, mai shaida. Ba abin da zai samu, komai kuma zai iya rasawa. Shekara ashirin da takwas ina zama da irinsu, ban taɓa barin an gane ɗaya ba. Ina alfahari da wannan ƙwarai, kuma alfaharin nan yana cikin abin da ya kayar da ni.

Na koma makaranta ina da shekara hamsin da ɗaya. Yara masu takarda suna ta tsallake ni a wurin aiki, ga ritaya ta ƙarato, kuma gaskiya ina son in rubuta abin da na sani kafin ya bi ni kabari. 'Yan ajinmu Baba suke ce mini, su bar mini kujerar gaba, in na juya baya su yi dariyar yadda nake danna kwamfuta da yatsa ɗaya. Kada ku ɗauka zan raina karatun, ban raina shi ba. Ɗan sanda ɓarawo ɗaya yake gani a gabansa. Makaranta ce ta koya mini in tambayi wa ke ciyar da shi, wa ke saye a hannunsa, me ya sa wannan ƙauye yake ba da 'ya'yansa wancan bai bayar ba. Malamar da ta duba aikina, Dakta muke ce mata, sa'ar ƙanwata ce, amma in ta ɗauki jan biro sai gabana ya faɗi. Ba abin da ta fi nanatawa kamar ɓoye sunan wanda ya yi maka magana. Ni kuwa a raina ina cewa, yarinya, tun ba ki shiga firamare ba nake wannan aiki.

Shekarar da zan fita bincike ita ce shekarar da abin ya iso ƙauyukan da ke can bayan Kufena. Kun dai ji a rediyo, mu mun gani. Kullum da safe sai ka ga keke mai ƙafa uku ya shigo birni da katifa a sama, tukwane a gefe, tsohuwa a ciki rungume da jika. Zaurukan Kusfa duk sun cika da baƙi, wannan da kuke zaune a ciki mutum tara ya ɗauka. Ana ɗaukar magidanci a gona, a bugo waya, iyali su sayar da shanun huɗa, wani ya dawo wani bai dawo ba. Abin da na zaɓa in yi rubutu a kai shi ne ta yaya abinci da man fetur da labari suke fita daga ƙauye su isa daji. Domin ɗan bindiga ba ya noma, kuma bai san gidan da aka sayar da sa jiya ba sai an gaya masa.

Malam Haruna mai awon hatsi ne a kasuwar wani ƙauye, shekarunsa za su kai sittin, yana kuma da gonar dawa. Na je masa a matsayin mai sayen dawa. Su uku ne masu awo a kasuwar, kowace ranar kasuwa sai na zauna da kowannensu daidai wa daida. A mako na uku, yana cika mini mudu, bai ko ɗago ba ya ce, "Malam, kai ba ɗan kasuwa ba ne. Ɗan kasuwa hannu yake cusawa har gindin buhu. Kai mutane kake kallo."

Na gaya masa gaskiya. Ya gama awon, sannan ya ce in an yi la'asar in bi ta bayan gari in shigo gidansa kamar mai neman ruwan alwala. Ashe ƙanensa aka ɗauka a farkon damina, an kai abin da aka nema, ba a dawo da shi ba.

Wata biyar ina zuwa gidan nan. Matarsa, Inna Ladi, ba ta taɓa barina na tafi ban ci tuwon dawa da miyar kuka ba, har ta gane ba na son yaji da yawa. Shi kuma ya buɗe mini abin da babu shi a kowane littafi da Dakta ta ba mu. Ya ce, "Ni na san yawan bakin da ke kowane gida a garin nan, mudu ne ya gaya mini. Mutum mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu, in ya fara auna shinkafar mutum talatin, ba suna ba biki, to yana da baƙin da ba a gani." Ya nuna mini yadda ake rarraba sayayyar don kada a lura, wannan ya sayi burodi, wancan taliya, wancan ya cika jarka. Ya ce akwai wani mai facin babur a bakin kasuwa da duk kayan suke haɗuwa a bayan rumfarsa, kuma ba hanyar gidansa suke bi ba in sun tashi.

Ranar da ya gaya mini wannan, ya kama hannuna ya ce, "Sunana dai ba zai fito ba ko?" Na ce wallahi ba zai fito ba. Da bakina na rantse, a tsakar gidansa, ina riƙe da kwanon matarsa.

Abin da ya kamata in miƙa wa abokan aikina na miƙa, ban faɗi daga inda ya fito ba. Aka kama mai facin. Amma shari'a shaida take so, shaidan kuma ba zai iya tsayawa a kotu ba, don haka bayan 'yan makonni mutumin ya dawo rumfarsa. Daga ranar shi da mutanensa abu ɗaya suke nema a garin, wane baki ne ya yi magana. Na san da haka sarai.

A cikin kundin na kira shi Mai Amsa na Bakwai. Ban faɗi ƙauyen ba. Na dai rubuta cewa mai awon hatsi ne. Dakta ta ja layi a wurin ta ce in mai da shi ɗan kasuwa kawai. Na yi mata gardama, na ce in ba a san mai awo ba ne maganar mudu ba ta da nauyi, kuma masu awo uku ne a kasuwar, ga wasu kasuwannin barjat. Ta bar ni. Babi biyar ta bi layi-layi, na kare kundin a gaban malamai, aka ce na ci, in je in yi 'yan gyare-gyare in kai a ɗinke shi da bango.

Saura shafi ɗaya, shafin godiya. Shi ba wanda ke dubawa. Ba maki a kansa, a ƙarshe ake rubuta shi, kowa ya zuba iyayensa da matarsa da abokansa.

Kun san gidanmu gidan malamai ne. Yayana, Malam Babba, a wancan zauren na gaba yake ba da karatu tun rasuwar mahaifinmu. A gidan nan ba a buɗe littafi sai an ambaci wanda aka karanta shi a wurinsa, da wanda shi ma ya karanta a wurinsa, a yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya. Da haka muka tashi. Na kai masa shafin ina fassara masa don ya sa albarka. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ina mutumin ƙauyen da kake ta zuwa wurinsa?"

Na ce, "Yaya, shi ba a sa sunansa."

Ya ajiye carbinsa. Ya ce, "Ka ci tuwon mutum wata biyar, ka ɗauki ilimi a bakinsa, ka sa sunan mai buga maka takarda, shi ka bar shi? A gidan nan aka koya maka haka? Ai malaminka ne. Ina albarkar karatun da aka ɓoye mai shi?"

Kunya ta kama ni, don maganarsa ta taɓa inda yake mini ciwo. Na zauna na yi wa kaina lissafi irin na wawa mai ganin kansa gwani. Na ce ai a ciki Na Bakwai ne, a nan kuwa godiyar masauki ce kawai, wa zai haɗa shafin farko da shafi na tamanin? Na ɗauki biro na rubuta cikakken sunansa, har da na mahaifinsa, yadda ake girmama malami, da sunan ƙauyen, na ce shi ne ya buɗe mini ƙofarsa da zuciyarsa. Ba na ɗora wa Yaya laifi. Shi fiƙihu ya karanta, ya faɗi abin da ya sani, kuma a wurinsa daidai ne. Ni ne Sufeto Garba ya zagaya da ni gida uku. Ni ne na ɗauki gida ɗaya tak na rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Kuma ban tsaya nan ba. Kwafi shida aka ɗinke mini, baƙin bango da rubutun ruwan zinare. Bayan walima na ga ai ba mutunci a ce ban kai wa malamina nasa ba. Na naɗe ɗaya na hau babur na kai masa har gida.

Da na ce masa akwai sunansa, fuskarsa ta canja. Na yi maza na ce, "Ba a wurin maganar ba ne, Malam. Can ba kowa sai lamba. Nan godiyar abinci ce da masauki, ga ka nan tare da mahaifina da manyan malamai." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, tunda kai ka faɗa." Bai iya karatun boko ba, sai ya ce in nuna masa wurin. Na kama yatsansa na ɗora a kai. Ya yi dariya irin wadda ban taɓa ji ya yi ba tun da na san shi, ya ƙwala wa Inna Ladi kira ta zo ta ga an sa shi a littafin jami'a. Na dawo gida raina fes.

Bayan mako uku na kai wa Dakta nata kwafin a ofis. Tana tsaye ta buɗe, tana murmushi tana neman inda na gode mata. Sai na ga murmushin ya ɗauke. Ta ce, "Baba, wannan ba shi ne Na Bakwai ba?"

Ta rufe kundin ta juyo gare ni.

"Kwafi nawa ka yi?"

Na ce shida.

"Ina suke?"

Na lissafa mata biyar. Ta ce, "Na shidan fa?" Wallahi a nan ne, ba kafin nan ba, na ga abin da na yi. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tashi ka tafi yanzu."

Na isa ƙauyen bayan azahar, na jingina babur a katangarsa, abin da ban taɓa yi ba. Na tarar da littafin a ɗakinsa, a kan akwati, an lulluɓe shi da ɗankwali. Na tambaye shi wa da wa suka gani. Ya ce ai kowa, ya kai shi kasuwa, mutane sun yi ta sa albarka. Na ce wa ya karanta? Ya ce Sabo, wanda ya yi difloma, mai cika wa mutane fom. Shi ya karanta wa jama'a godiyar da ƙarfi ya fassara, sannan ya ce a ara masa ya ƙaru, ya kwana biyu da shi ya dawo da shi lafiya lau. Sabo ɗan baffan mai facin babur ne. Babi na huɗu kuwa maganar mudu ce daga farko har ƙarshe.

Na ce, "Malam, na cuce ka. Ku tattara yau ɗin nan, akwai ɗaki a gidanmu a Kusfa."

Ya gane komai, ban buƙaci ƙarin bayani ba. Ya zauna a bakin gado. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Can ya ce, "Dawata ta nuna. Kwana goma a yanke."

Na ce, "Bar dawar nan, ni zan ciyar da ku."

Ya ce, "Mu goma sha huɗu ne, har da marayun ƙanena. Wata nawa za ka yi kana ciyar da mu? In na bar ta a tsaye, kafin mako an kwashe. Ka bari in kai ta rumbu, in ya so in zo in zauna maka a zaure har ka gaji da ni."

Na ce to ya ba ni littafin. Ya ce, "Kyauta ka ba ni. Kuma ai an riga an karanta." Gaskiya ya faɗa.

Sau biyu na sake komawa a cikin makon, ina roƙonsa kamar mai neman aure. Na nemi abokan aikina su riƙa zagayawa da mota, sun zagaya, amma wa zai tsare mutum ɗaya a tsakiyar gonar dawa da ta fi shi tsawo? Kowane zuwa da na yi ma ƙara nuna shi nake yi. Ya ɗauki 'yan ƙwadago don a yi sauri, ya ce mini an ci rabi, saura kaɗan.

A kwana na takwas, da hantsi, babura uku suka shiga gonar. Suka ce 'yan ƙwadago su kwanta, ba wanda aka taɓa. Ba su ɗauki ko dami ɗaya ba, ba su tafi da kowa ba, ba a bugo wa kowa waya ba. A nan suka harbe shi. Ɗaya daga cikin masu aikin ya gaya mini a wurin jana'iza cewa abin da ya ba su mamaki, kafin su harbe shi sun kira shi da cikakken sunansa har da na mahaifinsa. A garinsu kaf Mai Awo ake ce masa, yara da yawa ba su ma san sunansa na yanka ba. Wuri ɗaya ne a duniya aka jera sunan nan haka, kuma ni na jera shi.

Ranar sadakar uku ina zaune a ƙofar gida cikin masu gaisuwa, aka ce Inna Ladi tana kirana. Na tsaya a bakin zaure, tana daga ciki, ba na ganin fuskarta. Ta miƙo littafin a naɗe cikin ɗankwalin nan. Ta ce, "Karɓi abinka, Malam. Mu ba mu iya karatu ba." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma har yau ban sake cin tuwon dawa na ji daɗinsa ba. Maƙwabta ne suka ƙarasa yankan dawar. Iyalin sun taso, suna nan wajen Kufena, ina zuwa gaishe su, tana amsawa.

Sauran kwafi biyar ni da Dakta muka bi su da reza muka yanke shafin. In kun je ɗakin karatu kuka ga kundin da ba a gode wa kowa ba a cikinsa, nawa ne. Na karɓi takardar shaidar digirin, tana cikin akwati, ban taɓa rataye ta ba. An ce in ci gaba in yi na uku, na ce a kai kasuwa.

Na shidan ga shi nan, shi ban yanke ba. Nasiru, ajiye wayar ka matso. Zan rufe sunan da hannuna, ba za ku karanta shi ba, gefensa nake so ku duba. Kun ga duk shafin fari ne tas, sai wannan wuri ɗaya da ya yi baƙi, takardar har ta yi laushi? Yatsansa ne. Mako uku duk wanda ya zo awo sai ya buɗe ya ɗora yatsa a nan ya ce ga ni. Bai taɓa kuskure layin ba.

Hajara, ga takardarki, ga biro. Ba ni zan soke layin sunan nan ba, ke za ki soke shi da hannunki. Ki haɗa da na lambar wayar.